Yadda Shafin Intanet Ya Koyi Tunawa

Shafin intanet da mantuwa aka haife shi. Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Jeneba, tsakanin 1989 da 1991, burinsa masana su riƙa karanta takardun juna cikin sauƙi. Ƙa'idar da ya shimfiɗa, wadda ake kira HTTP, gajeriya ce ƙwarai: burauzar da ke kwamfutarka ta nemi takarda, sabar da ke can nesa ta miƙo, a yanke layi. In ka dawo bayan daƙiƙa biyu neman wata takardar, sabar ba ta san kai ne na ɗazu ba. Da gangan aka yi haka, kuma akwai hikima a ciki. Sabar da ba ta ɗora wa kanta tuna kowa ba tana iya sallamar dubban mutane ba tare da ta galabaita ba, in kuma ta mutu, wata ta hau gurbinta babu abin da ya salwanta.

Sai dai karanta takarda daban, yin aiki daban. Da zarar an ce mutum zai sayi kaya, ko ya cike fom mai shafi uku, ko ya rubuta wasiƙa, dole a sami wurin da zai riƙe inda aka kwana: wane ne ya shigo, me ya zuba a kwandon sayayya, wane gurbi ya cike, me ya rubuta bai kai ga aikawa ba. Wannan tarin bayanan da ke sauyawa yayin da mutum ke aiki shi ake kira halin manhaja. Shekara talatin da 'yan kai ke nan masu rubuta manhaja suna jayayya a kan abu biyu game da shi: a ina za a ajiye shi, kuma wa ke da ikon taɓa shi. A ganina, kusan kowace babbar matsala da ta taso cikin waɗannan shekaru tushenta ɗaya: an rubuta magana guda a wuri biyu, sai wuraren suka saɓa wa juna.

Dabarun farko na ƙarfin hali ne. Wasu suka riƙa liƙa bayanan a wutsiyar adireshin shafi, adireshi ya yi ta tsawo, kuma duk wanda ya kwafe shi ya tura wa abokinsa, to ya tura masa har da kwandonsa. Wasu suka ɓoye bayanan cikin fom, a gurbin da ido ba ya gani, suna zuwa sabar suna dawowa tare da kowace dannawa. Wannan ta biyun ta yi tsawon rai, domin a 2002 Microsoft ya mayar da ita tsari sukutum cikin ASP.NET da sunan ViewState, har shafuka suka riƙa yin nauyi da kayan da mai karatu bai san yana dakonsu ba.

Maganin da ya zauna ya fito ne a watan Yunin 1994, daga hannun Lou Montulli, injiniya a kamfanin da ba da jimawa ba aka sauya masa suna zuwa Netscape. Kamfanin sadarwa na MCI na son a gina masa kasuwa ta intanet, amma ba ya son sabobinsa su riƙa riƙon cinikin da ba a kammala ba. Akwai shawarar a ba kowace burauza lamba ta dindindin da za ta riƙa nunawa duk inda ta shiga. Montulli ya ƙi, domin ya hango cewa da irin wannan lamba za a iya bin sawun mutum shafi bayan shafi. Abin da ya tsara shi ne kuki: sabar ta ba burauza ɗan guntun rubutu, burauza ta adana, duk lokacin da ta koma wurin wannan sabar, ita kaɗai, sai ta nuna mata. Ƙa'idar farko ta ce kada sabar ta sa ran burauza za ta riƙe fiye da kuki 300 gaba ɗaya, 20 daga wuri guda, kowanne kilobayit 4. A watan Oktoban wannan shekara burauzar Netscape ta fita da shi a cikinta.

Karon farko ke nan da aka damƙa wa na'urar mai amfani wani yanki na tunawa, kuma tun a wannan karon aka ga abin da damƙawar ke jawowa. Kamfanonin talla suka lura cewa hoton talla guda da aka liƙa a shafuka dubu daga sabar ɗaya yake fitowa, kuma wannan sabar na da ikon ajiye nata kukin. Bin sawun da Montulli ya guje wa ya shigo ta taga. An gudu ba a tsira ba. A watan Fabrairun 1996 jaridar Financial Times ta buga labarin, jama'a suka fara sanin ana ajiye musu wani abu a kwamfuta ba da saninsu ba. Akwatin neman izinin nan da ke tare maka fuskar shafi a yau jikan wannan rigima ne, ta hanyar gyaran dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2009.

A watan Mayun 1995 Brendan Eich ya rubuta tushen harshen JavaScript cikin kwana goma, shi ma a Netscape. Daga nan shafi ya sami damar riƙe abu a ƙwaƙwalwarsa, ya yi lissafi, ya sauya kamanninsa ba tare da ya tambayi sabar ba. Amma tunawar ta ɗan lokaci ce, da an sabunta shafin komai ya goge. Don haka shekaru da dama aikin JavaScript bai wuce duba ko ka cike fom daidai ba. Gaskiya tana can wurin sabar. Ka danna maɓalli, allo ya yi fari, ka jira, sabon shafi ya sauko ɗungurungum. Akwai gajiya a wannan tsari, musamman a zamanin da intanet ke bin layin tarho, amma yana da wata falala da aka daɗe ba a yaba mata ba: abin da ke kan allo ba ya saɓa wa kansa, tunda a lokaci guda aka zana shi duka, daga tushe guda.

Abin da ya rusa wannan zaman lafiya ya fito daga Microsoft. Masu gina Outlook na burauza suna son sabbin wasiƙu su riƙa shigowa ba tare da an sake sauke shafi ba, sai suka ƙera wata hanya da shafi zai aika tambaya ga sabar a ɓoye ya karɓi amsa, aka saka ta cikin Internet Explorer 5 a 1999. Sauran burauzoji suka kwaikwaya da sunan XMLHttpRequest. Ta zauna shiru har Google ya fito da Gmail ranar 1 ga Afrilun 2004, ya bi shi da Google Maps a Fabrairun 2005, inda mutum ke jan taswira da linzami tana biyo shi. A wannan watan ne Jesse James Garrett ya raɗa wa salon suna Ajax. Shafi ya tashi daga takardar da ake karantawa a yar, ya zama wurin da mutum zai wuni a ciki, kuma duk abin da ya faru a wunin nan burauza ce ke riƙe da shi.

Wanda ya fara jin jiki shi ne maɓallin komawa baya. Tunda adireshi ba ya sauyawa, mutum ya danna baya sai ya tsinci kansa a waje, aikinsa ya tafi. Aka koma rubuta inda ake bayan alamar # a adireshi. Twitter ya rungumi wannan a 2010, ya ɗora wa burauza aikin zana komai, sannan a 2012 ya janye ya mayar da zanen farko hannun sabar, ya kuma ce lokacin buɗe shafinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar na da. Wannan kai da komo tsakanin sabar da burauza za mu sake haɗuwa da shi.

A Janairun 2006 John Resig ya fito da jQuery, wadda ta sauƙaƙa taɓa kowane sashe na shafi har wanda bai daɗe da fara koyo ba ya iya. A nan ne aka faɗa ramin da ya fi kowanne zurfi, kuma ba laifin jQuery ba ne. Mutane suka mayar da allon kansa wurin ajiya. In manhaja na son sanin kaya nawa ne a kwando, sai ta je ta karanta lambar da ke rubuce a kusurwar shafi. In tana son sanin ko an buɗe wani akwati, sai ta duba ko yana bayyane. To a ce adadin kayan nan ya fito a wuri uku: a saman shafi, a gefe, da wajen biyan kuɗi. Duk maɓallin da ke ƙara kaya ko rage su dole mai rubuta shi ya tuna ya gyara ukun nan. Ranar da wani ya ƙara wuri na huɗu, sai ya bi tsofaffin maɓallai ɗaya bayan ɗaya, kuma lalle zai manta guda. Bayani biyar da maɓalli biyar mutum na iya riƙe su a ka. Hamsin da hamsin sun fi ƙarfin kowa.

Shekarar 2010 ta zo da amsoshi uku kusan a jere, dukansu kuma sun jingina da wani tsohon tunani. Tun 1979 Trygve Reenskaug, masani ɗan ƙasar Norwe da ke ziyarar aiki a cibiyar Xerox PARC a Amurka, ya ce a raba manhaja: bayanai a gefe, abin da ido ke gani a gefe, da mai shiga tsakaninsu. Steve Sanderson ya fito da Knockout, inda kowane bayani ke sanin waɗanda suka dogara da shi, in ya sauya ya sanar da su. Jeremy Ashkenas ya fito da Backbone daga aikin DocumentCloud, ya cire bayanai daga jikin allo ya ba su gida na kansu. AngularJS kuwa, wadda Miško Hevery ya faro tare da Adam Abrons kafin Google ya ɗauke ta, ta yi alkawarin da ya fi jan hankali: ɗauri mai kai da komo. Ka sauya bayani allo ya sauya, ka rubuta a allo bayani ya sauya, kai ba ka rubuta layin haɗi ko ɗaya ba. Hevery ya sha ba da labarin yadda ya sake rubuta wata manhajar Google mai layi 17,000 ta koma layi 1,500 cikin mako uku.

A ƙaramar manhaja abin kamar tsafi. A babba kuwa, sauyi ɗaya na tayar da na biyu, na biyu ya tayar da na uku, na uku ya dawo ya taɓa na farko. AngularJS takan yi ta zagaya duk bayanan da take gadi tana duba ko wani ya motsa, har komai ya lafa, in ta zagaya sau 10 bai lafa ba sai ta tsaya ta ce ta gaza. Mai neman gano inda ɓarna ta faro sai ya rasa bakin zaren, domin kowa na iya taɓa kowa.

Facebook ne ya fito fili ya bayyana wannan ciwo da misalin da kowa ya taɓa gani. A taron F8 na ranar 30 ga Afrilun 2014 a San Francisco, injiniya Jing Chen ta ba da labarin jar lambar nan da ke saman shafi, mai nuna saƙonnin da ba ka karanta ba. Mutum ya ga 1, ya danna, ya tarar babu sabon saƙo. Lambar ta ɓace, an jima ta dawo. Injiniyoyi su gyara, a yi murna, da an ƙara sabon abu a shafin sai ta sake ɓullowa. Da aka bi diddigi, aikin da ke karɓar sabon saƙo ne aka ɗora wa komai: ya ƙara ɗaya a lambar, ya jera saƙon a ƙaramin akwatin hira, in babban shafin saƙonni a buɗe yake ya jera shi can ma, in mutum na kallon ɗayansu ya rage lambar. Lambar tana zaune ita kaɗai, saƙonnin na zaune su kaɗai, kuma babu abin da ya tilasta musu daidaituwa sai tunawar ɗan Adam.

Maganinsu, wanda suka kira Flux, doka ɗaya ce: bayani hanya ɗaya yake bi. Allo ba ya gyara komai da kansa. Abin da zai yi shi ne sanar da abin da ya faru, misali saƙo ya iso ko an buɗe hira. Sanarwar ta bi ta wurin mai rabawa guda, ya kai ta ga rumbunan bayanai, kowane rumbu ya gyara nasa, allo ya sake zana kansa daga abin da ke rumbu. Mai rabawan ba ya karɓar sabuwar sanarwa alhali bai gama da ta hannunsa ba, wannan ne ya datse sarƙar nan ta sauyi mai haifar da sauyi. Lambar kuma aka daina ƙara mata da rage mata da hannu, aka koma ƙirga ta daga jerin hirarrakin da ba a karanta ba. Wannan darasi na ƙarshe ya fi dukan sunayen kayan aikin da za su biyo baya daraja a wurina: abin da za ka iya lissafowa daga wani abu, kada ka ba shi wurin ajiya nasa.

Flux ta jingina ne da React, wadda Jordan Walke ya faro a Facebook aka kuma sake ta ga duniya a Mayun 2013. Da farko an yi mata ca, saboda ta cakuɗa zanen shafi da JavaScript a wuri guda. Amma tunaninta ya dawo da tsohuwar falalar nan: ka bayyana yadda allo zai kasance idan hali kaza ne, in hali ya sauya a sake zanawa kamar daga farko, ita kuma ta gano 'yan wuraren da suka bambanta ta taɓa su kaɗai. A gefe guda, Evan Czaplicki ya fito da harshen Elm a 2012 daga kundin digirinsa a Harvard, David Nolen kuma ya fito da wani kayan aiki mai suna Om a ƙarshen 2013. Dukansu sun nuna amfanin bayanin da ba a gyara shi a inda yake, sai dai a fitar da sabo a bar tsohon yadda yake.

Facebook ya ba da tsari ne fiye da kayan aiki, don haka cikin shekara guda aka cika kasuwa da nau'o'in Flux: Reflux, Alt, Fluxxor, Flummox, da Fluxible ta Yahoo. Wanda ya kashe gasar bai fito da niyyar shiga ta ba. Dan Abramov, ɗan asalin Rasha, yana shirin jawabi ne a taron React Europe da aka yi a Paris a Yulin 2015. Yana son nuna wa mahalarta manhajar da za a sauya rubutunta tana cikin aiki halinta bai goge ba, a kuma iya mayar da ita baya mataki mataki. Rumbunan Flux sun haɗa bayani da dokar sauya shi a wuri guda, in ka sabunta dokar bayanin ya tafi. Sai ya raba su. Shi da Andrew Clark, marubucin Flummox, suka fito da Redux: rumbu ɗaya tak ga manhaja duka, ba a sauya shi sai ta sanarwa, mai sauyawar kuma ɗan aiki ne da ke karɓar tsohon hali da sanarwa ya fitar da sabon hali, ba ya taɓa komai a waje. Zuciyar abin ba ta kai layi 100 ba.

Ɗauki ɗan kasuwa mai yaran shago biyar, kowanne na rubuta bashin da ya bayar a 'yar takardarsa, in an biya ya soke. Da yamma lissafi ya ƙi fita, kuma ba a san hannun wa ya kuskure ba. Sai maigidan ya ajiye littafi ɗaya, ya ce duk abin da ya faru a rubuta shi a sabon layi, ba gogewa ba sokewa. Yanzu in lissafi ya rikice, sai a koma layin farko a biyo har a iso inda ya karkace. Abin da Redux ta ba masu rubuta manhaja ke nan. Mai amfani ya kawo ƙara, a karɓi jerin sanarwoyinsa a sake kunna su, a ga ɓarnar tana faruwa da ido.

Farin jininta ya zame mata nauyi. Cikin shekara biyu aka wayi gari kamar ba a koyon React sai da Redux, mutane suka riƙa zuba komai a rumbun, har da ko wani ɗan akwati a buɗe yake da kowane harafi da aka buga a fom. Sauyin da bai taka kara ya karya ba sai an taɓa fayil uku ko huɗu. Garin gyaran gira aka nufi rasa ido. A Satumban 2016 Abramov da kansa ya rubuta maƙala yana jan hankalin mutane cewa wataƙila ba su buƙatar Redux ɗin. Mark Erikson, wanda riƙon ta ya koma hannunsa tare da Tim Dorr, ya shafe shekaru yana rage wahalar, har aka fitar da Redux Toolkit a Oktoban 2019. Wasu kuwa tun farko ba su bi wannan hanya ba. Michel Weststrate a Holan ya fito da MobX a 2015, mai aiki irin na Excel, inda ka sauya gurbi ɗaya duk lissafin da ya rataya a kansa ya gyara kansa. Vue ta Evan You, wadda ta fito a 2014, ita ma haka take. React ta ƙara Hooks a Fabrairun 2019, ƙananan kayan aiki irin su Zustand da Jotai suka biyo, Facebook ya fito da Recoil a 2020 daga baya ya jingine ta.

Sauyin da na fi ba muhimmanci a wannan zango bai zo da hayaniya ba. Mutane suka buɗe rumbunansu suka duba, sai suka ga mafi yawan abin da ke ciki ba na burauza ba ne. Jerin kaya, sakamakon jarrabawa, saƙonni, ragowar kuɗi a asusu: duka mallakar sabar ne, abin da ke hannun burauza kwafi ne da aka ɗauko a wani lokaci, kuma tun daga daƙiƙar da ya iso ya fara tsufa. Kwafi kuwa tambayoyinsa daban. Yaushe ya tsufa har a sake nema? In sassa biyu na shafi suna son abu guda, sau nawa za a tambaya? Ga kuma wadda ta fi cizo: mutum ya nemi Kano, bai jira ba ya nemi Katsina, amsar Katsina ta riga isowa, sannan ta Kano ta iso a makare ta hau kanta. Allo na cewa Katsina, bayanan na Kano ne. Shekaru kowa na warware waɗannan da hannunsa, sau da yawa ba daidai ba. Kayan aikin Relay da Apollo sun fara ɗauke nauyin ga masu amfani da GraphQL, wani harshen neman bayanai daga sabar. A ƙarshen 2019 SWR ta kamfanin da yanzu ake kira Vercel da React Query ta Tanner Linsley suka kawo shi ga kowa, bisa wata ƙa'idar HTTP da Mark Nottingham ya rubuta a 2010: nuna tsohon kwafi nan take, ka nemo sabo a bayan fage. Da aka kwashe kayan aro, abin da ya rage na burauza zalla ɗan kaɗan ne, wani ma daga cikinsa, kamar kalmar da aka nema da lambar shafin da ake kai, adireshi ne mazauninsa na asali, inda za a iya tura wa wani ya ga abin da ka gani.

Daga 2020 zuwa yau tsofaffin tunani ne ke dawowa da sabbin riguna. Solid ta Ryan Carniato ta farfaɗo da salon Knockout da sunan siginal, Preact ta karɓa a 2022, Angular a 2023, a 2024 kuma aka gabatar da shawarar saka shi cikin JavaScript kanta. Ta ɗaya ɓangaren, htmx ta Carson Gross da Hotwire ta masu kamfanin Basecamp, da sabon tsarin React mai zana sassa a sabar, duk suna mayar da kaya inda suka fito, irin abin da Twitter ya yi a 2012.

Akwai wani zare da na bari a baya, kuma shi ya fi shafar mu. Kusan duk abin da na ambata an gina shi ne a wuraren da sabis ba ya yankewa sai da dalili. Wanda ya taɓa cike doguwar takardar neman gurbin karatu a shagon intanet, wuta ta ɗauke ko netwok ya tafi yana shafi na ƙarshe, ya san cewa inda aka ajiye hali magana ce ta kuɗi da lokaci. Hanyoyin kare shi sun daɗe da samuwa. Google ya gwada Gears a 2007, daga baya ya bar ta. Wajen 2009 burauzoji suka sami localStorage, mai riƙe kimanin megabayit 5 ko an kashe kwamfuta. IndexedDB ta biyo da wurin ajiya mai faɗi, a 2015 kuma Chrome ta kawo ma'aikacin bayan fage da ke iya buɗe manhaja ba tare da intanet ba. Layi kaɗan ne ke sa fom ya adana abin da aka rubuta, kuma ina ganin barin hakan a shafin da talaka zai biya kuɗin data ya cike sakaci ne. Amma ajiyar na da nata haɗarin. Kwamfutar shago da wayar gida mutum da yawa ke taɓa su, abin da ka bari a burauza na bayanka zai tarar, don haka dole manhaja ta share bayanta in an fita. Burauza ma na iya gogewa da kanta: tun 2020 Safari kan share irin wannan ajiya ta shafin da aka yi kwana bakwai ana amfani da burauzar ba a taɓa shi ba.

Inda aka gwada wannan fanni da rayukan mutane shi ne annobar Ebola ta Afirka ta Yamma a 2014 da 2015. Duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar sai an bibiye shi kwana 21, ana auna zafin jikinsa, sau da yawa a garuruwan da sabis ke zuwa ya tafi. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda babban ofishinta ke Kano, tana cikin waɗanda suka gina wa ma'aikatan manhajoji da JavaScript masu aiki ba tare da intanet ba, kuma Patricia Garcia ta bayyana aikin a taron JSConf EU a Barlin a 2015. Sun yi amfani da rumbun bayanai na PouchDB a na'urar ma'aikaci da na CouchDB a sabar. Ma'aikaci ya rubuta a wayarsa, rubutun ya zauna nan, duk lokacin da sabis ya samu sai ɓangarorin biyu su yi musayar abin da kowanne ya rasa.

A nan ba za a iya cewa gaskiya wuri ɗaya take ba, domin kowace waya na riƙe da nata kwafin kuma kowa na rubutu a nasa. In mutum biyu suka gyara takarda guda ba su san da juna ba, CouchDB ba ta yar da ko ɗaya. Takan zaɓi guda ta nuna, bisa dokar da kowace na'ura za ta bi ta iso ga zaɓi iri ɗaya, ta ajiye ɗayan a gefe da alamar saɓani. A 2011 Marc Shapiro da abokan bincikensa suka tsara nau'in bayanan da ke haɗe kansu ko ta wane jeri gyare-gyaren suka iso, wanda ake taƙaitawa da CRDT. A 2019 Martin Kleppmann da abokansa a cibiyar Ink & Switch suka yi kira da a mayar da na'urar mutum mazaunin bayanansa na farko, sabar ta zama mai isar da saƙo. Kayan aiki irin su Yjs da Automerge na wannan aiki a yau, kuma suna iya haɗa jimlolin da mutum biyu suka rubuta a takarda guda ba tare da harafi ya ɓata ba. Amma in ma'aikaciya ta rubuta zafin jikin mutum 37, abokin aikinta ya rubuta 39 a rana guda, babu lissafin da zai faɗi wanda ya auna daidai. Sai dai a ajiye duka biyun da sunan wanda ya rubuta da lokacin, a ɗaga su gaban mai kula da aikin ya tura a sake aunawa, kuma gina wannan allon yana wuyan mai rubuta manhajar.